Taƙaitaccen bayani kan gyaran hoton tsuntsu da ya yi duhu

1. A tattaunawar da aka yi kan yadda za a gyara irin wannan hoto, kusan kowa ya amince a fara da fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ta ɗauka ba a sarrafa shi ba, domin yana adana abin da ke cikin inuwa fiye da JPEG, wato hoton da aka riga aka sarrafa aka matse.

2. Da yawa sun ce a ware tsuntsun a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ko darktable a haskaka shi kaɗai, tunda hasken sararin sama ne ya ruɗi kyamara har tsuntsun ya fito da duhu, amma a lura kada fararen fuka-fukai su ƙone, wato su yi fari fat har zanensu ya ɓace.

3. Ra'ayi ya rabu kan ɗige-ɗigen da ƙarin haske ke fitowa da su. Wasu sun fi son a share su tas, wasu kuma, waɗanda nake ganin sun fi gaskiya, sun ce yawan sharewa yana shafe siraran gashin da ke kewaye da ido.

4. Ƙara wa hoton kaifi shi ne matakin ƙarshe.