Wuyan 'yan resilin: ganganci ne ko gajiyar ƙashi?

Nasiru Jega: Jama'a, ku raba ni da Sanusi. Ya dage wai yawan faɗuwa ne ke lalata wuyan 'yan resilin. Ni kuwa na ce wasan shiri ne, an san mai ci tun kafin a fito. Duk wanda ka ji wuyansa ya karye, abokin karawarsa ne ya yi ganganci.

Sanusi mai gidan kallo: Ina nan kan bakata.

Nasiru Jega: To ji nan. A 1997 Owen Hart ya juya Steve Austin kai ƙasa ya zauna da shi. Ƙa'idar kayen ita ce kan mutum ya maƙale tsakanin cinyoyi, kada ya taɓa ƙasa. Kan Austin ya zarce ya daki dandali, jikinsa ya mutu na ɗan lokaci. A 1999 D'Lo Brown ya ɗaga Droz, kayen ya ɓaci, mutumin ya ƙare a keken guragu har ya rasu a 2023. Big E fa? A 2022 aka cilla shi a wajen igiya, ya sauka da tsakar ka, ƙashi biyu suka tsage. Ina yawan faɗuwa a nan?

Sanusi mai gidan kallo: Ka tsinci masu daɗi ka bar sauran. Wa ya yi wa Edge ganganci? A 2011 yana riƙe da kambu likitoci suka ce ya ajiye, hannuwansa sun fara mutuwa. Misawa na Japan ya mutu a 2009 a Hiroshima yana ɗan shekara 46, kuma da kayen da ya saba ɗauka shekara da shekaru. Mutane suna ɗauka katifa ce ake faɗawa a kai. Katako ne bisa ƙarfe, aka shimfiɗa ɗan soso da tamfol.

Hauwa'u, ma'aikaciyar jinya a Birnin Kebbi: Yaya Nasiru, kana da gaskiya rabi. Ƙasusuwa bakwai ne a wuya, tsakaninsu akwai guringuntsi mai laushi, laka kuma ta ratsa ta tsakiya. Idan mutum ya sauka da tsakar ka, haɓa a sunkuye, ƙasusuwan sun miƙe ke nan, nauyin jiki duka ya bi ta kansu. Wannan shi ne naka, kuma sau ɗaya ya isa. Na Sanusi kuwa a hankali yake cin mutum. Kowace faɗuwa da baya tana fizgar kai, guringuntsin ya zaizaye ko ya ɓullo, ƙashi ya yi tsiro, hanyar laka ta ƙuntata. Wanda hanyarsa ta riga ta matse, bugun da wani zai tashi ya karkaɗe jiki shi zai iya kwantar da shi. Ƙuntatar nan ce ta sa Edge ya ajiye.

Kawu Garba Argungu: Ku dakata, yara. Ni na yi kokawa da ƙuruciya, nan Argungu da ƙasar Zuru duk mun taka. Mu da munka yi ta gaske, wa zai yarda a ɗauke shi sama a juya shi kamar ragon layya? Da ka ji an kama ƙugunka sai ka dasa ƙafa, ka yi nauyi. Gwiwa ko hannu ya taɓa rairayi, an gama, makaɗa su ɗauka. Waɗanga kuwa da kansu suke miƙa jiki, har su taya a ɗaga su, don kallo ya yi kyau. Shirin nan da kake raina wa, Nasiru, shi ne ke kai wuya inda kokawar gaske ba ta cika kai shi ba.

Nasiru Jega: Allah ya ja kwana, Kawu, amma Kurt Angle a kokawar gaske ya tsage wuya, ya je gasar Olympics ta Atlanta a 1996 ya ciwo zinare a haka.

Kawu Garba Argungu: Ban ce ba a jin ciwo ba, ɗana. Mu ma akan gurɗe. Amma kaye ɗaya muke yi mu koma gona, su ko dare bayan dare, gari zuwa gari.

Sanusi mai gidan kallo: Kuma da ba kayen ne da haɗari ba, don me WWE, babban kamfanin resilin, ta hana yawancin 'yan wasanta dasa kai ƙasa a wajen 2000, ta bar wa su Undertaker kaɗai?

Nasiru Jega: Don sauran ba su iya ba. Ka ga maganata ta fito.

Hauwa'u: Ku dai ci gaba. Ni abin da ya dame ni yaran da ke fitowa daga gidan kallonka, Malam Sanusi, suna gwadawa a kan siminti. Idan yaro ya faɗi a kai ya ce wuya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun yi masa nauyi, kada a ja wuyan, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi kan babur zuwa wurin mai ɗori. A riƙe kan daidai da jiki, a kwantar da shi bisa abu mai tauri, ko ƙyauren ɗaki ne, a nemi mota zuwa asibiti.

Sanusi mai gidan kallo: Na ji, Anti. Daga yau zan riƙa faɗa musu kafin in kunna.