Wa rafi ya taɓa tarewa tsakanin tudu da kwari?

Ɗan Tudu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙauyenmu a kan tudu yake, amma gonakinmu da rabin danginmu duk suna ƙauyukan kwari. Da rani tafiyar rabin awa ce. Da damina kuwa sai yadda rafi ya ga dama. Shekaranjiya a ƙetare na kwana babu shiri, alhali ko ɗigo ba a yi a kanmu ba. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Abin da ke yaudarar mutane ke nan, ƙanena. A kan duwatsu aka tafka ruwan sama, ƙasar can ba ta shanye da yawa, sai ya gangaro ya haɗu a makwarara ɗaya. Shekara shida na koyar a kwari. Abin da na koya shi ne in ruwa ya rikiɗe ya yi ja, yana tafe da kara da ɓaraguzan itace, ga rugugi daga can saman rafi, to ka ja da baya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da ƙato, santimita 30 kuma ya ɗaga ƙaramar mota.

Maman Biyu: Malam, ka tuna min da daren naƙudar ƙanwata. Muna kwari, asibiti na ƙetare. Muka zauna bakin gaɓa da tocila, na soka kara a gefen ruwa ina duba ko ya fara janyewa. Sai wajen asuba ya sauka ƙasa da gwiwa, maza huɗu suka ɗauke ta a kan gado. Yarinyar yanzu tana aji uku.

Mai Babur: Ni dai gardama ta ja min. Aka ce in jira, na ce na saba. Bayan kwana biyu aka tono babur ɗin cikin yashi.

Ɗiyar Kwari: Yaya Ɗan Tudu, kuna kuka da rafin nan, amma da rani wa ke gangarowa da jarkoki? Rijiyarmu ba ta ƙafewa, kuma laka da ambaliya ke bari ita ke ciyar da gonakinku. Mu abin da ke cin ranmu sabis ne. Tsauni ya tare shi, sai ka hau rabin gangare kafin ka sanar da gida cewa ba ka tsallakowa.

Ɗan Tudu: Wallahi haka na yi, cikin duhu, takalmi a hannu.