An turo wa Baba imel wai za a rufe asusunsa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Imel ya shigo wa mahaifina ɗauke da tambarin bankinsa, wai BVN ɗinsa na da matsala, in bai sabunta bayanansa cikin awa 24 ba za a rufe asusun. Sun saka wurin latsawa, sun ce ya shigar da lambar katinsa da PIN. Nan kuɗin fanshonsa ke shiga, shi ya sa hankalinsa ya tashi, ko abincin rana ya kasa ci. Bai taɓa komai ba tukuna. Ta yaya za mu gane ko na banki ne?

Amsa ta farko: Wa alaikumussalam ƙanwata. Kada ya latsa. Da zarar an nemi PIN, magana ta ƙare, 'yan damfara ne. Banki ba ya tambayar PIN, ko lambobi 3 na bayan kati, ko OTP ɗin da ake turowa ta tes, ko da ma'aikacinsu ne ya kira. Tambari kuwa kowa na iya kwafo shi daga intanet. Ki taɓa sunan wanda ya turo, adireshinsa zai fito, ki duba abin da ya biyo bayan alamar @. Sau da yawa za ki ga gmail ne, ko sunan bankin an sauya masa harafi ɗaya, an saka sifili a madadin "o". Wa'adin awa 24 ɗin nan kuma da gangan suke saka shi, don mutum ya ruɗe ya kasa tsayawa ya yi tunani.

Amsa ta biyu: Kada ma ku kira lambar da ke cikin saƙon, su za su ɗauka. Gobe ki raka Baba reshe ya tambaya da bakinsa.

Mai tambaya: Na duba Yaya, gmail ne kuwa. Amma sun rubuta cikakken sunansa daidai.

Amsa ta farko: Sanin suna ba hujja ba ne, fom nawa ya cike a rayuwarsa? Ki nuna masa lambar USSD (irin wadda ake dannawa a waya, mai farawa da * ta ƙare da #) ta toshe asusu ta bankinsa, ya rubuta a takarda ya ajiye. Kuma ku saurari kiran waya, sukan biyo baya da shi, da murya mai ladabi, suna cewa daga hedikwata suke.