Muhawara: Jirgin wasa da jirgi mara matuƙi, doka ɗaya za ta hau kansu?

Injiniya Bala: Salamu alaikum. Ni dai a ganina zalunci ne a zuba mai jirgin wasa da mai jirgi mara matuƙi a kwando ɗaya. Mutum ya yi wata biyu yana yankan katako, yana manna fiffike da gam, sannan ya fita bayan gari, ido na kan jirgi, yatsu na kan rimot. Ya ɗan kau da kai, jirgi ya ci ƙasa. Wancan kuwa daga kwali aka zaro shi, yana tsayawa cak a sama, yana komowa gida da kansa. Majalisar Amurka ta gane bambancin a 2012, ta hana hukumar jiragen sama ta FAA kafa wa masu jirgin wasa sababbin ƙa'idoji.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Injiniya, rabin labarin ka kawo. Majalisar da kanta ta soke wannan rangwame a 2018. An gina shi ne a kan niyya, wato "don sha'awa nake tashinsa", sai duk wanda ya sayi jirgi mara matuƙi mai farfela huɗu ya fake a nan. Matuƙin da ya ɗauko fasinjoji ya ga abu a gabansa, ina ruwansa da niyyar mai rimot? Ku tuna filin jirgin Gatwick na Ingila a Disambar 2018: rahotannin ganin jirgi mara matuƙi suka dagula tafiyar mutum kusan 140,000.

Injiniya Bala: Ai ba jirgin katako aka ce an gani a Gatwick ba, Malama.

Usman: Ku bar niyya, ku hau sikeli. Tun Disambar 2015 FAA ta ce abin da ya wuce giram 250 sai an yi masa rajista. Wani mai jirgin wasa, John Taylor, ya kai ta kotu ya yi nasara a 2017, amma kafin shekarar ta ƙare majalisa ta dawo da rajistar. Nauyi ne ke fasa kai in abu ya faɗo.

Sadiƙu: Yaya Usman, sikelin ma an yi masa wayo. Kamfanin DJI ya fito da ƙaramin jirgi mara matuƙi mai suna Mavic Mini a 2019, giram 249 cif, da kyamararsa. Shi ya tsallake rajista, yana iya leƙa tsakar gidan mutane, amma jirgin soso mai kilo ɗaya da ba ya ganin komai an kama shi. Wallahi wannan na ci mini rai. A tambayi abin da na'urar ke iya yi: tana da kyamara? Tana tuƙa kanta? Tana wuce inda ido ke kaiwa?

Malama Rabi: To a haɗa da wuri. Yanzu a Amurka akwai filayen da FAA ta amince da su, inda mai jirgin wasa ke tashinsa ba sai ya ɗaura na'urar da ke shelar inda jirgin yake ba, muddin idonsa na kansa.

Injiniya Bala: Wannan na yarda da shi. Amma yaron ƙauye da ya haɗa nasa da hannunsa, ga gonar babansa shimfiɗe ba kowa, kuma babu irin wannan fili kusa da shi, shi ina za a sa shi?