Fulawil: me za mu kira shi da Hausa?

Motata mai tarbo ta haura kilomita 280,000, kulocinta ya fara zamewa a hanyar Illela. Da aka sauke giyabos a gareji nan Sakkwato, Oga ya ƙwanƙwasa wani faffaɗan ƙarfe mai haƙora a gefe, ya ce: "Alhaji, tunda an buɗe, mu sa maka fulawil mara nauyi?" Yarona da ke tsaye ya ce, "Baba, mi a fulawil?" Sai na rasa amsa da Hausa.

Ga aikinsa. A bayan karanshaf ake ɗaure shi, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji. Cikin motsi huɗu na fistin, ɗaya ne kawai ke ba da ƙarfi, nauyin wannan ƙarfe ne ke riƙe juyin har wuta ta sake tashi. Haƙoransa kik ke kamawa idan za a tada mota, a fuskarsa kuloci ke mannewa.

Da na shiga neman suna, wani ya ce "taya mai tashi", fassarar sunansa na Turanci, "flywheel", kai tsaye. Haba malam, tashi zuwa ina? An kuma kawo "faifan inji". Ba laifi, amma siffa kawai ya faɗa, kuma faifan kuloci na nan manne da shi, za a rikice.

Ni abin da ya faɗo mini shi ne mazarin Inna. Ƙwallon yumɓun nan da ke gindinsa, gululu, idan ta murza da yatsu ta saki, shi ke sa mazari ya yi ta juyi tana jan auduga. Aikin ke nan babu ragi. Don haka na ce gululun inji.

Sunan har ya bayyana mara nauyin. Ƙaramin gululu saurin ɗaukar juyi, saurin tsayawa. Haka fulawil mara nauyi na alminiyom yake: kana taɓa totur inji ya zabura, amma bai ƙara masa ƙarfi ba, kuma a cunkoson bakin kasuwa kana sakin kuloci da garaje mota ta mutu. Wasu giyabos ɗin har kaf-kaf suke yi a silo.

Wani malamin Hausa ya ce gululu dunƙule yake, wannan kuwa faffaɗa. Gaskiyarsa. Amma ido ba ya ganinsa sai an sauke giyabos, aikinsa ne direba ke ji a ƙafa.

Na bar mai nauyin a wurinsa, aka canza kuloci da sil ɗin baya mai tare man inji. Da na gaya wa Oga sabon sunan, ya goge hannu da tsumma ya ce: "To Alhaji, gululunka lahiya lau, ka biya kuɗin kuloci."