An sa rana, sai takardar jinotaif ta fito iri biyu

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan'uwana a zauren nan.

Ni jinotaif ɗina AS ne, wato ina ɗauke da gadon sikila amma ba ni da ciwon, na sani tun lokacin shiga jami'a. Yarinyar da zan aura 'yar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Kafin a kai kuɗin gaisuwa na sa ta yi gwaji a wani ɗan lab da ke unguwarsu, takarda ta fito AA, wato ba ta ɗauke da gadon sikila, hankalina ya kwanta. An sa rana bayan babbar sallah, lefe ma saura kaɗan. To da yake tun 2024 dokar Kano ta ce sai da takardar gwaji za a ɗaura aure, muka je asibiti tare. Nawa ya fito AS. Nata ma AS.

Tana ta kuka tana rantsuwa ba ta ɓoye mini komai ba, kuma na yarda da ita. Gwaggonmu ta ce mu daina tayar wa mutane da hankali, ita da mijinta duk AS ne, 'ya'yanta bakwai babu sikila ko ɗaya. Wani abokina ya ce ai yaro ɗaya ne cikin huɗu yake zama sikila, idan muka tsaya a uku shi ke nan. Wani kuma ya ce Turawa sun riga sun gano magani. Wace takarda zan bi? Jinotaif yana canzawa ne? Kuma idan na janye, ita za a dinga nunawa da baki a dangi, ba ni ba. Wannan ya fi komai damuna.

Wani ɗan kasuwar Kwari:

A fasa kawai, ɗan'uwa. Mata ba su ƙare ba.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a kai ga maganar fasawa, a fara sanin me ke cikin jinin yarinyar. Jinotaif ba ya canzawa, da shi aka haifi mutum da shi zai koma. Ɗaya daga cikin takardun nan ba daidai ba ce, kuma a aikinmu wannan ba baƙon abu ba ne.

Yawancin ƙananan lab suna amfani da ilektiroforesis: a ɗiga jini a kan wata 'yar takarda, a sa wuta, kowane nau'in himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya tsaya a layinsa. Idan ruwan sinadarin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke a tsakiya, ko ba a jera da jinin da aka riga aka san nau'insa don kwatantawa ba, layin A da na S sai su cakuɗe, mai karantawa ya rubuta abin da idonsa ya ba shi. Ana kuma musayar kwalba idan layi ya yi tsawo. Akwai ma waɗanda ba sa gwadawa sam, Allah ya shirye su. Sai ka tambaye ta ko an ƙara mata jini a cikin wata uku kafin ɗaya daga cikin gwajin, don jinin da aka ƙara yana rikita sakamako. Ka kuma duba takardar farko da kyau, mutane da yawa suna ganin rukunin jini A su ɗauka AA ne, alhali abu biyu ne daban.

Ku je babban asibiti ku ce gwajin injin da ake kira HPLC kuke so, ku biyun. Shi yana fitar da kaso ne a rubuce. Mai AS na gaske za ka ga A ya fi yawa, S kuma yana wajen kashi 35 zuwa 40. Abin da ya fito nan shi za ka riƙe.

Amma kada in ɓoye maka, na fi zargin ta farkon. 'Yar kawunka ce. Idan ta wajen mahaifiyarka ka gaji S ɗinka, to daga kakanninku ya fito, kuma ba abin mamaki ba ne kawu ma yana da shi. Sai dai kada ka je kana tattara tsofaffin takardun iyayenta kana lissafi. Na ga gidan da takardar ƙarya ta sa aka fara zargin uwa, daga baya aka gano lab ne ya yi kuskure.

Wani daga zangon Kumasi:

Ƙari a kan maganar Hajiya ta lab. A duba C ma, wani nau'in himogulobin ne ban da A da S. Mu nan Ghana, musamman mutanen arewa da na Burkina Faso, AC yana da yawa. Wasu suna ganin babu S su ce lafiya lau, alhali AS da AC suna iya haifar SC, kuma shi ma ciwo ne, yana taɓa ido da ƙashin kwatangwalo.

Malamin bayoloji a sakandare:

Bari in ɗauki maganar gwaggo da ta abokinka, don su ne suka fi halaka mutane.

Kowa yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke gina himogulobin, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kai kana da A da S, za ka ba ɗanka ɗaya daga ciki, ba ka da zaɓi. Ita ma haka. Kamar kowannenku ya wurga kwabo ne a kowane ciki: idan duk biyun suka faɗi ta gefen S, an samu SS, wato mai ciwon sikila. Kwabon kuwa bai san abin da ya faɗo a cikin baya ba. Don haka ɗan fari yana iya zama SS, na biyu ma haka. Ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki ne, ba layi ake bi ba.

Yi lissafin da kanka. Damar ciki ɗaya ya tsira ita ce 3 cikin 4. Yara uku duk su tsira, 27 cikin 64, wato kashi 42 cikin ɗari. Ke nan shawarar abokinka ta fi kusa da faɗuwa fiye da ci. Yara bakwai duk su tsira kuwa kashi 13 ne cikin ɗari. Gwaggo tana iya zama cikin waɗannan, ba ƙarya ta yi ba, sa'a ta taka. Tana kuma iya yiwuwa nata gwajin irin na amaryarka ne na farko. Da ladabi za ka iya tambayar mahaifiyarka ko gwaggo ta taɓa rasa yara suna ƙanana. A da yaran da yawa suna tafiya kafin shekara biyar, a ce wabi ne ko mayu, ba wanda ya gwada su.

Game da nuna ta da baki, ka faɗa wa danginku abin da aka sani. Duk abin nan harafi ɗaya ne a cikin DNA, wato rubutun gado da ke jikin mutum, a kan kuromosom na 11: inda aka saba samun GAG sai aka samu GTG. Wannan ya canza tubali na shida a jikin himogulobin, shi ya sa idan iskar oksijin ta yi ƙasa sai ya dunƙule, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Linus Pauling ne ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin ɗin kansa, Vernon Ingram kuma ya gano ɓangaren da bambancin yake a 1956 a Cambridge. Me ya sa ya yi yawa a wajenmu? Anthony Allison ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Waɗanda suke da shi su ne suka rayu suka hayayyafa. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Najeriya ne, suka ƙiyasta cewa canjin ya faru sau ɗaya ne kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. Duk wanda zai nuna ta, ya fara kai nasa hannun a ɗebi jini.

Wata uwa:

Ɗana, ni ba lissafi zan yi maka ba. Ni da maigidana AS ne, ba mu sani ba sai da aka haifi na biyu. Watannin farko lafiya ƙalau, ɓul-ɓul da shi. Likita ya ce jinin da jariri yake zuwa da shi daga ciki ne yake kare shi, yana raguwa wajen wata shida. Daga nan sai bayan hannunsa da ƙafarsa suka kumbura, ko zani ya taɓa sai ihu. Surukata ta ce sanyi ne, aka yi ta gasa shi da ruwan zafi.

Yanzu idan hunturu ya shigo ba na barci da ido biyu. Za ka gan shi yana wasa da la'asar, da tsakar dare yana birgima yana cewa Umma ki sare mini ƙafar. Ka nemo mai adaidaita a wannan lokacin, ka je a ce jininsa ya yi ƙasa, ka fara kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ce a yi tawakkali su ne wayarsu take kashe. Folik asid da maganin kariyar maleriya kullum, ruwa kuwa sai ka bi shi da kofi.

Alhamdulillahi tun da aka sa shi a kan maganin haidiroksiyuriya ciwon ya rage tashi sosai. A asibitin Malam Aminu Kano an yi babban bincike tare da likitocin jami'ar Vanderbilt ta Amurka a kan yadda maganin nan yake kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, kuma ana yi musu hoton jijiyar kai don a gano wanda ke cikin haɗari da wuri. Ina son ɗana fiye da raina. Amma da na sani kafin aure, wallahi da ban shiga ba, kuma babansa ma haka yake cewa.

Wata mai SS:

Don Allah a dinga tauna magana, muna cikin zauren nan muna karantawa. Ni SS ce, na gama digiri, ina aiki, ina da aure da mai AA, yarana duk AS ne lafiyarsu ƙalau. Mu ba gawa ba ne. Amma Yaya, idan ka tambaye ni ko in zaɓa wa wani yaro ciwon da nake ji a ƙashina, a'a. Iyayena ba su sani ba, ba na riƙe su. Kai ka sani.

Mai haɗa magunguna:

Maganar Turawa sun gano magani gaskiya ce, amma ka ji sauran. Sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Da fasahar gyaran ƙwayoyin gado mai suna CRISPR ake yi, wadda ta sa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka samu kyautar Nobel a 2020. Ba ma gyara harafin S ɗin ake yi ba. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a taɓa wani wuri da ke sarrafa ƙwayar gadon BCL11A, wadda ita ce take kashe himogulobin na jarirai bayan haihuwa. Sai jiki ya koma yin wancan jinin da Maman da ta yi magana a sama ta ce ya kare ɗanta a watannin farko. Victoria Gray, wata mata daga Mississippi, ita aka fara yi wa a 2019. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji ya share ɓargonsa, kuma wannan yana iya hana haihuwa.

Dashen ɓargo ya fi kusa da mu, an fara yinsa a Najeriya a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a 2011. Shi ma ya fi kyau idan akwai ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsu ya dace, ba kowa yake samu ba, ga tsada ga haɗari.

Masu hali suna yin IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a asibiti, a gwada ƙwan kafin a dasa, miliyoyi ne kowane zagaye kuma ba lallai cikin ya kama ba. Akwai kuma gwajin mahaifa wajen mako na 11 zuwa 13 na ciki. Wannan zai faɗa maka ne kawai, abin da za ka yi bayan ka ji kuwa sai ka zauna da malamai tun kafin ka fara. Idan albashi kake jira a ƙarshen wata, kada ka gina aurenka a kan ɗayan waɗannan.

Wani dattijo:

Yaro, masu cewa tawakkali su tuna lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba. Da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ka yi istihara, ka yi gwajin da Hajiya ta lab ta ce.

Idan ya tabbata, kada maganar ta fita daga bakin mata a tsakar gida. Ka ɗauki babban wan mahaifinka ku je wajen kawunka, ka riƙe takardarka a hannu ka fara nuna taka. Ka ce jinina ne da nata ba su haɗu ba, ni ma irinsa gare ni. In da hali ku tafi da kawun wajen likita ya ji da kunnensa. Abin da aka kai gidansu kada ka aika a karɓo, ka bar mata. Kuma ka tambaye ta ra'ayinta ita kaɗai, ba a gaban gwaggo ba, don duk zancen nan ban ji inda ka ce me ita take so ba. Ita za ta yi goyon, ita za ta kwana a asibiti.

Mai neman shawara:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, gaskiya ban tambaye ta ba, zan je yau bayan magariba. Na tambayi Hajiyarmu, ta ce gwaggo ta rasa yara biyu kafin yaye, ba a lissafa su cikin bakwai ɗin ba. Yarinyar kuma ba a taɓa ƙara mata jini ba. Hajiya ta lab, sai mun je da azumi ne a ɗebi jinin? Kuma ƙannena biyu mata ba su taɓa gwadawa ba.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:

Babu ruwansa da azumi, ku ci abincinku ku je. Ku tsaya a rubuta sunan kowa a jikin kwalbarsa a gabanku, kuma ku ce a ba ku takardar da injin ya fitar mai kaso a jiki, ba wadda aka cike da biro kawai ba. Ƙannen naka ma ka tafi da su ranar, tun babu wanda ya fito neman aurensu.