Neman shawara: injin Camry ɗina ya ƙone, yaya zan gane Beljiyam mai kyau?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kubwa nake zaune, motata Camry ce ta 2008 mai silinda huɗu. Makonni biyu da suka wuce mun tafi biki Jos, muna tsakiyar Hawan Kibo allurar zafi ta haura sama. Da yara a mota, wurin kuma ba na tsayawa ba ne, sai na lallaɓa na ƙarasa hawan. Ko da na tsaya, tururi ne ke tashi ta ƙarƙashin bonet. Janyo ta aka yi zuwa Abuja. Bakanike ya buɗe ya ce gasket ya ƙone, top, wato kan injin, ya lanƙwashe, ruwa ya gauraya da baƙin mai har ya koma kamar kunun gyaɗa. Dama can tana shan mai, duk sati biyu sai na ƙara. Ya ce in haƙura da gyara, in nemi Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi. Kuɗin da aka kira mini a kasuwar kayan mota ta Apo ya kusa albashina na wata huɗu, kuma da wannan motar nake kai mahaifiyata asibiti. Don Allah yaya ake gane lafiyayyen inji yana ajiye a ƙasa? Me ake yi masa kafin a ɗora?

Wani ɗan uwa daga Gwarinpa:
Wa'alaikumussalam. Allah Ya mayar da alheri, Ya kuma tsare gaba. Gaskiya bakanikenka ya faɗa maka. Injin da ke shan mai sannan ya dahu haka, in ka shiga gyaransa yau ringin fistin, gobe metal (beyarin cikin inji), sai ka kashe kuɗin Beljiyam ba ka huta ba.

Wani dattijon bakanike a Apo:
Ɗana, sunan injinka 2AZ-FE, lita 2.4. Na shekarun 2007 zuwa 2009 an san su da shan mai ta wajen ringi, don haka wanda za ka saya ma sai an bincike shi da kyau. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka aika. Ka tafi da bakanikenka, ka biya shi kuɗin yininsa daga aljihunka, don kada ya jira nasa a wurin mai shago.

In kun tsaya a kan inji, a sa sifana a fulin kiranshaf, wato babban fulin da ke ƙasan gaban inji, a juya shi da hannu. Mai lafiya za ka ji yana yin tauri yana saki, yana tauri yana saki. Wanda ya cije, ko wanda ke juyawa sakwa-sakwa, ku wuce shi. Sai a cire murfin sama. Abin da kake so ka gani ƙarfe ne mai launin zuma. In ka ga baƙin dattin mai ya daskare kamar kwalta, mai motar can bai damu da juye ba. A kwance fulogi huɗun a jera su a kan kwali: kamata ya yi su yi kama da juna. Wanda ya jiƙe da mai, mai yiwuwa ringi ne. Wanda ya fi sauran haske fes kamar an wanke shi, ruwa ke shiga wannan silindar. Na ƙarshe, kuma shi ne masu shago ba sa so, a buɗe kwanon mai na ƙasa. Ka shafa yatsa ka duba a rana. In ka ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, metal ya fara ci. Mai shagon da ya hana a buɗe, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Wani direba daga Nyanya:
Baba ya gama magana. Ni abin da ya same ni shi ne na bi tsabta. Injin yana sheƙi, ashe na gida ne aka wanke da fetur aka fesa masa fenti. Sai bayan ya fara hayaƙi na lura da jan gam da ya tsattsafo ta gefen kwano, alamar an taɓa buɗe shi. Wata biyu bai yi ba. Yallaɓai, ƙura da tsohon maiƙo sun fi fenti gaskiya. Kuma garantin baki ba garanti ba ne. A rubuta a rasit, a fara ƙirga kwanakin daga ranar da aka tayar da shi a mota.

Wani mai gyaran wayarin:
Oga, a duba lambar da ke jikin bulo, wato gangar injin. Akwai 2AZ-FXE na Camry mai haɗin batir, kamarsu ɗaya a ido amma ba naka ba ne. Ko 2AZ-FE ɗin ma ana samunsa a RAV4 da Highlander, sai a mayar masa da manifol da sensoci da wayoyin tsohon injinka. Kada ka yarda a yanka waya ko ɗaya.

Dattijon bakanike ya ƙara:
Na manta babbar magana. Me ya kashe na farko? In ba a gano ba, shi zai kashe na biyu. Lagireto a wanke ko a canza, da murfinsa da robobin ruwa, a gwada fanka. Tun inji yana ƙasa a sa sabon famfon ruwa da sil na baya, domin in sil ɗin ya fara yoyo bayan an ɗora sai an raba inji da giya. Sabon mai lita huɗu da ɗan ɗoriya, irin wanda aka rubuta a kan murfin, da sabuwar filta. Kafin a tayar, a juya shi ba fulogi har mai ya zagaya. In da na'urar awon matsi, a auna silinda huɗun, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Bayan kilomita 1,000 ka sake juye.

Wata Hajiya daga Lugbe:
Ƙanena, a rubuta lambar sabon injin a rasit, ka kai ofishin VIO a gyara takardun mota. Kada a tare ka a hanya lamba ba ta dace ba. Tsohon kuma kada ka bar shi a gareji, kuɗi ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba, yanzu na tuna: bara wani ya cire mini tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Ruwan rijiya nake zubawa tun daga lokacin. In bar sabon haka?

Dattijon bakanike:
A'a, ɗana. Tamostat yana buɗewa ne wajen digiri 82, shi ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Ba shi, mota za ta riƙa shan fetur, ringi na ci. Ruwan rijiya kuma shi ke toshe lagireto da tsatsa da datti, ina kyautata zaton shi ya kai ka ga abin da ya faru a Hawan Kibo. A mayar da tamostat, a mayar da fanka yadda take, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman. Ranar Asabar ka sa a cire lagireton ka leƙa cikinsa da idonka kafin ka biya kuɗin inji.